Kasuwar Asabar da Na Hana Babana

Har yau idan wani ya tambaye ni lokacin da ya fi dacewa a shiga kasuwa a Kano, amsar tana bakina: ranar Talata da hantsi, bayan 'yan makaranta da ma'aikata sun wuce, kafin motocin baƙi su gama sauke mutane. A lokacin 'yan kasuwa sun gama shara, ba su gaji da surutu ba tukuna, za ka taya a saurare ka, ka juya ba ka taka ƙafar kowa ba. Asabar da Lahadi kuwa a bar wa masu ƙarfin kafaɗa. Na san wannan ilimi ciki da waje, shekaru na yi ina raba shi kyauta a ɗakin malamai. Abin da ban taɓa haɗawa da shi ba shi ne labarin abin da ya jawo wa mahaifina.

Mahaifina mai ɗinkin hannu ne a Soron Ɗinki, irin waɗanda suke yi wa babbar riga aiki da allura da zare. A soron gidanmu yake zama, bayansa a jikin bango, riga a kan gwiwa, tabarau a ƙarshen hanci. Riga mai aikin aska takwas guda ɗaya takan ci masa watanni, kuma ba a yi mai kuɗin da zai sa shi sauri ba. Ba shi da yawan magana da kowa, amma da ni abin ya wuce haka, domin ni ne ɗansa na fari. A gidanmu ana kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini faɗa fuska da fuska ba, bai taɓa musu da ni ba. Idan yana da magana da ni, ko ya bi ta wurin Inna, mahaifiyata, ko ya faɗa wa bango ina zaune. Da na fara koyarwa a sakandare sai ya samu sauƙi, ya koma ce mini Malam kamar yadda mutanen unguwa suke yi.

Duk ranar Asabar yakan ajiye allura. Ya yi wanka, ya sa wata shuɗiyar riga da ta sha bugu, ya bi lungu da ƙafa zuwa Kasuwar Kurmi. Can akwai rumfar wani dillalin riguna da muke kira Alhaji, mutum mai ƙiba da dariya, wanda ta hannunsa rigunan Baba suke fita. A wannan rumfa yake haɗuwa da wani tsohon masaƙi daga wani ƙauye bayan Minjibir. Mu yaran gida Baba Masaƙi muke ce masa. Motar ƙauyensu ranar Asabar kawai take shigowa birni, saboda haka ranar yake kawo saƙi da zaren tsamiya, kuma tun kafin a haife ni suke wannan haɗuwa. Ina yaro an sha tafiya da ni. Abin da na gani bai taka kara ya karya ba: tsofaffi biyu a kan buzu, su fasa goro ɗaya su raba, su duba saƙi a hasken rana, su yi shiru mai tsawo, wani ya ce an yi ruwa a wajenku, ɗayan ya ce an taɓa. Da la'asar kowa ya kama gabansa. A lissafina na ɗan boko, wannan aikin minti goma ne ake ɓata wa yini guda.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, garin ya rikice. Kowa ya zama ɗan siyasa, kuma ɗan siyasa ba ya fita da 'yar shara. Wanda jiya yake gyaran rediyo a bakin titi, yau kansila ne, yana neman babbar riga uku kafin Juma'a. Biki ya yi yawa, taro ya yi yawa, kuma duk a ƙarshen mako ake tara su: ɗaurin aure da safe, buɗe ofishin jam'iyya da rana, tarbar wani babba da yamma. 'Yan acaɓa suka cika gari, har cikin lungun da mutum biyu ba sa iya gittawa. Ranar Asabar idan ka doshi Kurmi, ba tafiya kake yi ba, tura ka ake yi. Ga masu amalanke suna ihun a ba su hanya bayan sun riga sun buge ka, ga motar lasifika tana yabon wani da ba ka taɓa jin sunansa ba, ga matasa da jajayen idanu suna liƙa fasta a bangon mutane. An ce mana 'yanci ne ya zo, ni dai abin da na gani shi ne kowa ya samu 'yancin taka ɗan'uwansa.

A irin wannan Asabar ce aka kayar da Baba. Wani ayarin 'yan siyasa ya toshe hanya, jama'a suka ja da baya gaba ɗaya, wani mai amalanke ya kauce musu ya ture shi cikin kwata. Aka kawo shi gida riga duk ta ɓaci, hannunsa na dama a kumbure, ƙugunsa ya bugu. Mai ɗori ya ce ƙashin wuyan hannun ya tsage. Na tsaya a kansa ina kallon wannan hannu da ya ciyar da mu duka an ɗaure shi da karare, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. A tsakar gida na tara ƙannena da Inna na yanke hukunci: daga yau Baba ya bar kasuwar Asabar. Ba ni da darasi ranar Talata da safe, zan riƙa zuwa daga Kabuga, inda nake haya, in raka shi a natse, mu dawo a natse. Kowa ya ce Malam ya yi tunani. Baba yana ɗaki yana jin mu, bai ce komai ba, ni kuma na rubuta shirun nan a matsayin amincewa.

Asabar ɗin da ta biyo baya, ina zaune a soro da jarida, sai ga sallama. Baba Masaƙi ne, ya ji labari a rumfa, ya tako har gida da ƙullin saƙi a kai da 'yar jakar ɗanyar gyaɗa a hannu. Dogo ne siriri, ƙafafunsa duk faso. Na gaishe shi da ladabi, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba, har ƙasa na durƙusa. Na ce masa Baba ya samu barci, ba a so a tashe shi, kuma gaskiya ne barcin yake yi. Ya ce ba komai, zai jira. Da na bar shi ya jira, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma ni malamin makaranta ne, idan na ga mutum a zaune shiru sai in ji dole in yi masa bayani.

Na zayyana masa sabon tsari. Ya riƙa barin kaya a wurin Alhaji ranar Asabar, mu kuma mu ɗauka ranar Talata. Ya saurara, kansa a ƙasa. Sai na ƙara da abin da nake faɗa kullum a ɗakin malamai ana gyaɗa kai.

"Ai ka gani da idonka, Baba. Ranar Asabar garin nan ba ya shiguwa. Duk mutanen ƙauye sun juye a cikin birni, kowa da ƙullinsa a kai, ba su san hanya ba, ba su san kaucewa ba. Su ne suka kayar da shi. Mutum mai shekarunsa ba shi da abin yi a cikin wannan tarkace."

Wallahi a lokacin ban ga ƙullin da ke gefensa ba. Wasu mutanen ƙauye nake nufi, na cikin kaina, marasa fuska. Sai ya ce, "Haka ne, Malam. Gaskiyarka. Mun yi yawa." Ya tura mini jakar gyaɗar, ya ce a gaishe da mai jiki, motarsu ba ta jira. Ya ɗora ƙullinsa ya fita. Na ma ji daɗin yadda ya fahimta da wuri, na koma kan jaridata.

Da Baba ya farka na ce wa Inna ta gaya masa mutuminsa ya zo duba shi. Ta dawo ta ce yana tambaya, ko mutumin ya ce zai dawo? Na ce wataƙila mako mai zuwa. Da makon ya zagayo Baba ya sa aka fito masa da buzu na biyu soro, aka shimfiɗa kusa da nasa. Har la'asar ba wanda ya zauna a kai. Haka aka yi Asabar uku, a ta huɗu ya ce a mayar da buzun ciki.

Da hannun ya yi sauƙi muka fara kasuwar Talata. Zan faɗi gaskiya, tsarin ya yi aiki. Lunguna fayau, babu mai ture ka, Baba yana dogara sandarsa a hankali, ni ina gefensa ina nuna masa yadda hanya take a buɗe, kamar ni na share ta. Mu isa rumfa, Alhaji ya taso da murna, ya ɗauko ƙullin da aka bari. Baba ya kwance, ya shafa saƙin da tafin hannu, ya kai shi hanci. Sannan ya tambaya, idonsa a kan kayan.

"Ya zo?"

"Ya zo. Yana gaishe ka."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Da sauƙi dai. Ya zauna nan inda kake har la'asar."

Shi ke nan. Kafin a kira azahar mun dawo gida, ni ina duba agogo ina jin daɗi. Wata rana ma na ja Alhaji gefe na roƙe shi kada ya riƙa aiko wa Baba da labaran kasuwa masu tayar da hankali, wane ya faɗi, wane ya rasu, domin jininsa yana hawa. Alhaji ya dube ni wani iri, ya ce, "To, Malam. Kai ne babba a gidan." Na ɗauka yabo ne.

Ba zan ce Baba bai gwada ba. Ya gwada ta hanyar da ya iya. Inna ta same ni ta ce, "Babanku ya ce wai hannun ya warke sarai." Na ce alhamdulillahi, Allah ya ƙara sauƙi. Bayan wani lokaci ta ce, "Ya ce wai ƙugun ma ya daina ciwo, jiya har Ƙofar Nassarawa ya taka ya dawo." Na ce madalla, amma kada ya riƙa wahalar da kansa. Na fahimci inda maganar ta dosa, ba wawa ba ne ni. Na dai ga cewa tsoho ba ya sanin abin da ya fi masa, kuma ni na sani.

Akwai wata Asabar da ba na son tunawa. Na zo gaisuwa da safe kamar yadda na saba, na tarar da shi a soro cikin shuɗiyar rigar nan, hula a kai, takalma a gabansa, sanda a jingine. Na gaishe shi, ya amsa wa bango. Na gane sarai shirin fita ya yi. Maimakon in ce Baba tashi mu je, sai na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na buɗe jarida, na shiga karanta masa labaran majalisa da ƙarfi, ina sharhi. Ba zai iya tsallake ni ya fita ba, domin yin haka musu ne da ni, shi kuma ba ya musu da ɗansa na fari. Ni kuma ba zan tashi ba. Muka zauna a haka, uba da ɗa, har ladan ya kira azahar. Ya tura takalman gefe da ƙafa, ya nemi buta. Daga ranar na mayar da zaman soro na Asabar al'ada, mutanen unguwa suna cewa ga ɗa mai kula da mahaifinsa.

Fiye da shekara muka yi a haka. Baba ya koma ɗinki, amma aikin ya ragu, rigar da take cin wata uku ta koma cin biyar. Na ɗora laifin a kan hannun. Ya daina tambayar ko mutuminsa ya zo, ya koma karɓar ƙulli kawai. Na san yanzu cewa shi ma ya yi fushi a nasa ɓangaren: mutum ya ji ka karye, ya leƙo sau ɗaya kana barci, bai sake waiwayarka ba, alhali duk mako yana cikin garin. Tsofaffi biyu, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba a tsakaninsu, kowa yana jiran ɗan'uwansa, kuma ni kaɗai na san abin da ya tsaya a tsakiya. Ko in ce ya kamata in sani, domin a lokacin na ma manta na yi maganar.

Da damina ta kankama aka shiga jarrabawa a makaranta. Aka sa ni tsaron aji, daga nan aka bi da makin takardu, Talata huɗu a jere ban samu zuwa ba. Ban damu ba, zare bai ƙare ba tukuna. A ta biyar muka je. Alhaji bai taso da dariyarsa ba. Ya gaisa da Baba, ya zauna, ya rasa inda zai sa idonsa. Babu ƙulli a inda aka saba ajiyewa.

"Bai zo ba?" in ji Baba.

"Ashe ba ku ji ba," in ji Alhaji. "Allah ya yi masa rasuwa. Yau kwana ashirin da wani abu. Mu nan mun cika mota mun je gaisuwa tun ranar uku. Ana ta tambayar ka."

Baba ya ce innalillahi, ya maimaita, ya maimaita. Sannan ya ce, "Alhaji, gidana ya yi maka nisa ne?"

Alhaji ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe. Ya ce, "Ka yi haƙuri. Na yi kuskure." Ya gaya mana mutumin ya daɗe yana fama da ƙirji, amma bai fasa zuwa ba. Asabar ɗinsa ta ƙarshe ko kaya bai kawo ba, ya zo ne kawai ya zauna, yana tari, yana kallon hanyar da take fitowa daga wajen unguwarmu, har direban motarsu ya aiko a kira shi.

Washegari na ɗauki uzuri a makaranta muka tafi ƙauyen. Ban taɓa zuwa ba, Baba ma rabonsa da can tun yana da ƙarfi. Gero ya yi tsayi, hanya duk taɓo, sai da muka sauka muka ƙarasa da ƙafa. Babban ɗan marigayin, wanda zai yi sa'ana, ya tarbe mu a gindin wata bishiya a ƙofar gida, inda masaƙar tsohon take, an lulluɓe ta da buhu saboda ruwa. Aka kawo fura, aka yi addu'a. Baba ya ba da haƙurin rashin zuwa da wuri. Mutumin ya ce ba komai, sun san birni da hidima. Sannan ya gyara zama.

"Ya bar saƙo, Baba. Ya ce in kun zo a gaya muku ya yafe muku, ku ma ku yafe masa. Ya ce kada ku ɗauka fushi ne ya hana shi komawa gidanku. An faɗa masa ne cewa mu mutanen ƙauye mu muke cika muku gari ranar Asabar, mu muka kayar da ku, kuma ba ku da abin yi a cikinmu. Shi ya sa ya ga gara ya rage muku mutum ɗaya a ƙofar gida."

Na ajiye furar. Kalmomina ne, ko ɗaya bai ɓace ba. Tsohon ya ɗauke su daga soronmu ya kai su ƙauye, ya ajiye su sama da shekara, ya mutu da su.

"Wa ya faɗa masa haka?" in ji Baba.

"Bai faɗi suna ba."

"Ni na ce haka? Ni? Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina tare da ni?"

"Ya ce ya san ba daga bakinku ta fito ba. Amma wanda ya isa ne ya faɗa."

Mutumin bai kalle ni ba ko sau ɗaya, kuma har yau ban san ko ya sani ba. Abin da ya rage mini shi ne in buɗe baki in ce ni ne. Kalma biyu. Na koyar da ɗaruruwan yara cewa mai laifi ya tashi tsaye ya amsa laifinsa, na zane waɗanda suka ƙi. Na zauna a kan tabarmar mutane ina kallon buhun da aka rufe masaƙa da shi, ban ce uffan ba.

A mota muna dawowa Baba ya juya fuskarsa ga taga. Mun kusa shiga gari ya yi magana, ga gilashin, yadda ya saba.

"Mutum ɗaya ne a tsakaninmu. Shi yake karɓar kaya, shi yake ba da saƙo. Shi ne kuma ya ɓoye mini rasuwar."

Na gane Alhaji yake nufi. Na ce, "Allah ya kyauta." Abin da na ce ke nan, kuma da shi na sayar da mutumin da bai yi mini komai ba sai rufin asiri. Na sha tambayar kaina ko Baba ya yarda da abin da ya faɗa, ko kuwa ya san gaskiya ya rasa yadda zai ɗora ta a kan ɗan da ko sunansa ba ya iya kira, ya nemi wani ya ɗora masa. Ba ni da amsa, kuma duk wadda na zaɓa a cikin biyun ba ta wanke ni.

Baba bai sake taka Kurmi ba, ko Talata ko Asabar. Ya sa ƙanena ya karɓo rigunansa da suke rumfar, ya koma ba wani dillali a wata unguwa. Alhaji ya zo gida sau biyu. Baba ya amsa sallamarsa domin wajibi ce, ya ci gaba da soka allura, bai ce a kawo buzu ba. Mutumin da ƙibarsa da girmansa ya tsaya a tsaye a soro yana 'yan kame-kame, ya gaji ya tafi. A zuwa na biyu ya tare ni a lungu.

"Malam, tsaya. Ranar da ka yi wa marigayi maganar nan, rumfata ya dawo ya zauna, ya faɗa mini komai. Na sani, ka sani. Ni ba zan shiga tsakanin uba da ɗa ba, ko zai mutu yana ƙina. Amma abota ce ta shekara da shekaru. Ka faɗa wa babanka, don Allah."

Na ce in sha Allahu zan faɗa, ina jiran jikinsa ya ɗan yi ƙarfi. Kuma da niyyar faɗar na ce haka, wannan ne abin haushin. Sau da yawa na shigo soro da maganar a bakina. In tarar yana lazimi, in ce bari ya idar. In tarar yana tari, in ce ba yau ba. Azumi ya zo, na ce bayan salla. Wata rana har na fara, na ce, "Baba, game da marigayi," ya ɗago kai ya kalli bango yana jira, sai na ce ya kamata a aika wa iyalinsa da ɗan hatsi. Ya ce hakan ya yi kyau. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Mutumin da bai taɓa yi mini faɗa ba, ban san da wace fuska zai kalle ni ba, kuma na fi son ya ci gaba da ƙin wani a kan ya fara ƙina.

Shekara biyu aka yi a haka, sannan Baba ya kwanta, kwana shida, ya rasu. Ban faɗa masa ba.

Ranar uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, lungun ya cika maƙil, sai na hango Alhaji ana riƙe da hannunsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Aka ba shi hanya har gabana. Ya yi addu'a, aka shafa. Ya kama hannuna da hannu biyu bai saki ba, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Malam, ka faɗa masa?"

Ƙannena suna gefena, liman yana gabana, mutanen unguwa duk suna kallo.

"Na faɗa masa, Alhaji," na ce. "Kafin ya cika. Ya ce a roƙe ka ka yafe masa."

Tsohon ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce ya yafe, duniya da lahira ya yafe. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce wannan ɗa ne na halak, ya sauke masa dutsen da ya daɗe a ƙirjinsa, Allah ya ba ni masu yi mini yadda na yi wa mahaifina. Jama'a suka ɗaga hannu suka ce amin. Ni ma na ɗaga nawa na ce amin.